Wane ne Auguste Chevalier?

Malama Hadiza, Birni:
Assalamu alaikum. A darasin tsirran magani na ga an rubuta sunan gawo na kimiyya da "A. Chev." a ƙarshe. Ina neman bayani a kan mutumin nan da aikinsa.

Alhaji Mamman, Zango:
Wa alaikumus salam, Malama. Auguste Chevalier Bafaranshe ne masanin tsirrai, an haife shi a 1873, ya rasu a 1956. Ya jagoranci tawagar bincike zuwa kogin Shari da tafkin Cadi daga 1902 zuwa 1904, yana tattara ganyaye da saiwoyi, yana busar da su don ajiya a Faris, yana kuma rubuta amfanin da mutanen ƙasa ke yi da su. Shi ne ya ware gawo daga dangin bagaruwa a 1934, itacen nan da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani.

Malam Issufu, Mirriya:
Gaskiya ne, Alhaji, amma a ganina yawancin ilimin daga bakin masu maganin gargajiya da makiyaya ya samo shi. Tsohuwar da ke shanya sabara da sassaƙen marke a Kasuwar Dole ta Damagaram ta gaji irin wannan sani, sai dai ba a rubuta sunanta ba.