Sun kore ni, sun ce in sa hannu ba zan faɗa wa kowa ba

Baban Ummi (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san dokar aiki a ƙasar nan ta Saudiyya. Shekara 6 ina riƙe da sito a wani kamfanin kayan gini, albashina riyal 3,000, saura wata 7 kwantiragina ya ƙare. Da na ta da maganar kuɗin ƙarin lokaci da ba a biya mu ba tun azumi, sai manaja ya kira ni ofis ya ce aiki ya ƙare. Ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba ni ba.

Ya turo mini mukhalasa, wato takardar shaidar na karɓi haƙƙina ba na bin su komai, a kan tebur, shafi biyu, wai za su ba ni riyal 12,000. A ƙasan shafi na biyu akwai sharaɗi da ƙananan rubutu: ba zan gaya wa kowa dalilin korar ko nawa aka ba ni ba, har abokan aiki, in na saɓa in biya 50,000. Ya ƙara da cewa ko kotu na je za su sa a rufe zaman. Ya hana ni fita da takardar, hoto kawai na ɗauka. Abin da ya fi damuna, akwai 'yan'uwa 'yan Nijar a siton da su ma suke bin kuɗin nan, sun ce in tsaya musu shaida.

Alhaji na Misfala (Makka):
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada biron nan ya taɓa takardar tukuna. Mu fara da lissafi. Sashe na 84 na dokar aiki ya ba ka rabin albashi a kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashi a kowace shekara bayan nan. Naka 7,500 da 3,000, wato 10,500. Wannan haƙƙinka ne, ba alheri ba. Sashe na 77 kuma ya ce wanda aka kora ba bisa dalili ba, in kwantiraginsa mai wa'adi ne, ana biyansa albashin watannin da suka rage, kuma ba zai gaza na wata biyu ba. Wata 7 ya kama 21,000. Sai dai ka duba kwantiraginka a Qiwa, shafin gwamnati da ake rajistar kwantiragin aiki, don in an riga an rubuta adadin diyya a ciki, shi za a bi. Ka ga in ka cire 10,500 daga 12,000 ɗin, da 1,500 suke son sayen 21,000 da bakinka gaba ɗaya, ban da kuɗin ƙarin lokacin.

Sirrin da doka ta sani shi ne na sana'a: farashin da suke sayo kaya, jerin dilolinsu da irin wannan. Sashe na 83 ya ce sharaɗinsa sai an rubuta, an fayyace lokaci da wuri da nau'in aiki. Korarka da albashinka ba su cikin wannan. Rufe zama kuwa ba manaja ke yanke shi ba. Asali a buɗe ake shari'a, alƙali ne ke rufewa don kiyaye tsari ko ɗa'a ko mutuncin iyali, kuma in sun nema za ka iya cewa ba ka yarda ba.

Maman Sadiq (Riyad):
Alhaji ya gama magana, amma a yi hattara da abu ɗaya. Mutanenmu na yawan cewa ai sashe na 8 ya soke duk yafe haƙƙi, a sa hannu kawai a karɓi kuɗi sannan a kai ƙara. Sashen yana magana ne a kan yafewar da aka yi kwantiragi na aiki. Wadda aka sa wa hannu bayan an rabu tana iya kama mutum, sai ya koma neman hujjar cewa tilasta shi aka yi. Mai gidana ya ɗanɗana wannan, bai ji da daɗi ba.

Sannan Malam, ka riƙe hannunka daga Facebook da TikTok. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan ɓata suna. Faɗa wa jami'in sulhu ko alƙali daban, ambaton sunan kamfani a bidiyo daban.

Ɗan Karantina:
Ka shiga shafin ma'aikatar ƙwadago ka buɗe taswiya wuddiyya, wato zaman sulhu. Kwanakin aiki 21 ake ba shi, in bai yiwu ba a miƙa kotun ma'aikata. Ma'aikaci mai neman haƙƙinsa ba ya biyan kuɗin kotu. Wata 12 gare ka daga ranar rabuwa, amma kada ka jira, musamman in suna shirin buga maka khuruj niha'i, wato bizar barin ƙasa gaba ɗaya. A zaman sulhun za ka iya cewa a cire sharaɗin, ko a taƙaita shi ga sirrin kasuwanci, a kuma rubuta cewa bai hana ka ba da shaida ba.

Baban Ummi (Jidda):
Allah Ya saka da alheri, Alhaji da Hajiya da kowa. Na duba Qiwa yanzu, babu adadin diyya a kwantiragin. Manajan ya bugo ya ce sun ƙara zuwa 15,000 in na zo gobe kafin azahar, na ce masa sai mun haɗu wurin sulhu. Ɗan Karantina, su 'yan Nijar ɗin kowa zai buɗe nasa ne, ko za mu iya haɗawa?