Na saki albam, baƙi sun yaba, a gida an ce ba waƙa ba ce

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni barci. Ina da ɗan sitidiyo a Ƙofar Ƙaura, da kuɗin gyaran waya na haɗa shi, kwamfutar ma ta yayana ce, da zai koma Kaduna ya bar mini. Na saki albam na kiɗa zalla a Audiomack, manhajar sauraron waƙoƙi, duk a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio na haɗa. Mai kalangu na ɗauko na naɗi sautinsa, na yayyanka, na ɗora a kan bes mai nauyi. Wani mai sharhi a Legas ya yaba sosai, wani Bajamushe ma ya turo saƙo. Amma da na kai wa mai tura waƙoƙi a memori, ya saurara can ya zare abin kunne ya ce, "To yaushe za a fara waƙar?" In sa murya in sake saki, ko in bar shi haka?

Tsohon DJ: Wa alaikumussalam ƙanena. Ba za ka ji daɗin maganata ba, amma Bahaushe baiti yake saurare. Shata ya rasu tun 1999, har gobe ana sa shi a tasha. Kalangun nasa suna da daɗi, amma maganar ce ta riƙe mutane. Nemi mawaƙi da 'yan amshi, ka daina wahalar da kanka.

Maman Biyu: Ni dai masu kiɗan biki ne suka ishe ni. Bikin ƙanwata mun biya kuɗi a sa mana asharalle, yaron ya yi ta sakin wani dum-dum har tsofaffi suka tashi. Mun yi magana ya ce mu ne ba mu waye ba.

Mai Tambaya: Anti, nawa ba na biki ba ne ai. Na zama ne a saurara.

Ɗan Daura: Kar ka taɓa albam ɗinka. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan ogan zalla a 1978, mutane kaɗan suka samu kaset ɗin. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, duniya ta san da shi.

Tsohon DJ: Shekara 35 kenan! Yaron nan zai ci yabon Bajamushe ne kafin nan? Wanda ya yaba ɗin nawa ya turo? Na saurari kiɗan farko a albam ɗin yaron ma, bes ya danne kalangun, a sifikar waya ba ka jin komai sai kaf-kaf. Mutanenmu kuwa da waya suke ji.

Mai Tambaya: Yaya, da gangan na yi haka. Kalangu yana bin karin magana, in ka sa abin kunne za ka ji kamar yana zance a ƙasa. Shi ne muryar. In na ɗora mawaƙi a kai, me ya rage nawa?

Malamar Makaranta: Ka yi biyu mana, ɗaya da murya, ɗaya babu. Kuma shi mai kalangun ka sallame shi? Ba ka faɗa ba.

Tsohon DJ: Biyu asarar kuɗi ce. Kawo fayil ɗin shagona bayan la'asar, in nuna maka yadda ake yi.

Mai Tambaya: Na gode Yaya, amma ba na ba da fayil. Akwai wanda ya san yadda ake samun masu sharhi na Arewa su saurara?