Neman shawara: sabuwar ƙaramar bindigata tana cin gefe, kwanso kuma yana maƙalewa

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na mallaki ƙaramar bindiga a karon farko, irin wadda ke ɗora wa kanta harsashi na gaba bayan kowane harbi. Inda nake zaune doka ta amince, takarduna kuma sun cika, kada hankalin kowa ya tashi. Mai cin harsashi 9mm ce, magazin ɗinta, wato ma'ajiyar harsashi, na ɗaukar 15, gangar jikin roba ce mai tauri, marfin sama kuma ƙarfe.

Gaskiya ta burge ni. Ba ta da nauyi, ta zauna daram a tafin hannu, shurinta kuma bai kai yadda ake ba mu labari ba. Amma abu uku sun tsaya min a rai. A filin koyon harbi, duk yadda na daidaita saiti, harsasan suna taruwa ƙasa ta hagu. Lokaci-lokaci kuma kwanson harsashin da ya kamata ya fita bayan harbi sai ya maƙale a bakin marfi, yana tsaye cirko. Sannan na juya ta ko'ina ban ga makullin hana ta tashi da ake turawa da yatsa ba. Ga yara a gida. In mayar da ita ne, ko in kai a gyara min saitin?

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam. Malam, da hannun dama kake harbi ko? Tun kafin ka amsa na sani. Kada ka bari kowa ya taɓa saitin nan. Ƙasa ta hagu tambarin sabon hannu ne: jikinka ya san ƙara na zuwa, sai ya riga bindigar, ka fizgi kunama, sauran yatsun su matse, baki ya sunkuya daidai lokacin da harsashi zai fita. Bahago kuma nasa ƙasa ta dama suke tafiya.

Ga yadda za ka kama kanka. Sayi harsashin gwaji, na roba, wanda ba ya tashi. Ka ba mai koyarwa ya cusa shi cikin na gaske ba tare da ka san gurbinsa ba. Idan ka zo kansa za ka ji ƙyas, ba ƙara, kuma da idonka za ka ga bakin bindigar ya yi ƙasa. Maganinsa jan kunama a hankali, kai tsaye zuwa baya, da tsokar kan yatsa, har harbin ya zo maka ba zato.

Injiniya: Batun kwanso ma ina kyautata zaton daga hannun ne. Ƙarfin harbin shi ke tura marfi baya, ya fizgo kwanso ya jefar, sifirin ya dawo da shi ya ɗauko sabon harsashi. Wannan tafiya tana buƙatar gangar jikin ta tsaya cak. In wuyan hannu ya yi laƙwas, bindigar gaba ɗaya ke ja da baya tare da marfin, ƙarfin ya tafi a banza, marfi ya rufe kafin kwanso ya gama fita. Riƙe ta can sama, hannu biyu, wuyan hannu a ƙage. Ka kuma goge man da ta zo da shi daga masana'anta, ka sa nata kaɗan a inda littafinta ya nuna. Ka ba wani gwani ya harba ta da harsashi na kamfani mai kyau. In shi ma ta yi masa, to a lokacin ne za a yi maganar mayarwa.

Baban Ummi: Da dama nake harbi kuwa, ranka ya daɗe. To makullin fa?

Injiniya: Yana ciki. Kamfanin Glock na Ostiriya ne ya yayata wannan ƙira tun daga Glock 17 a 1982, wasu da dama suka bi sahu. A tsarinsu akwai ɗan harshe a tsakiyar kunama, akwai abin da ke tare allurar da ke dukan harsashi, akwai kuma kariya idan ta faɗi ƙasa. Dukkansu jan kunama ke buɗe su. Wato ba za ta tashi da kanta ba, amma duk abin da ya shiga ya ja kunamar, yatsa ne ko igiyar riga, ta tashi. Shi ya sa sai da kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri in katse ku, kowa ya tafi kan saiti an bar maganar yara. Yaya, ƙarƙashin matashi ko saman sif ba ɓuya ba ne, yaro ya fi ka sanin lungunan ɗakinka. Akwatin ƙarfe mai makulli, bindiga babu komai a cikinta, harsashi a kulle a wani wuri daban. Kuma in ka dawo daga filin harbi ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki Ummi, akwai dalma a ƙurar harsashi.

Tsohon Soja: Hajiya ta yi gaskiya, kuma ta tuna min da wanda ya fi kowanne cin mutane. Cire magazin ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Wanda ya riga ya hau yana nan kwance a gindin bututu. Magazin ake fara cirewa, sannan a ja marfi baya a kafe shi, a leƙa da ido, a taɓa da yatsa. In ka juya tsarin, ka ja marfi kafin ka cire magazin, ka fitar da ɗaya ne ka ɗora wani. Da yawa daga irin waɗannan bindigogi sai an ja kunama kafin a kwance su don gogewa, ka ga inda hatsarin yake. Ranar goge-goge kada harsashi ko ɗaya ya kasance a ɗakin, bakinta kuma ya kalli inda ba kowa, har da bayan bango.

Abin toshe kunne fa, kana sawa?

Baban Ummi: Ina sa na kumfa. Akwatin zan fara saya, in sha Allah.

Tsohon Soja: In a rufaffen fili kake harbi, ɗora na rufe kunne a kan na kumfar. Ka turo mana hoton allon da kake harba bayan gwajin harsashin roba.