Abin da masu sabulu a Tawa suka ji game da soda

Mata masu haɗa sabulu a Tawa sun zauna da wani malamin kimiyya, kuma kusan duk hirar a kan soda ta ƙare, wadda ake kira sodiyom haidroksaid.

Shawarar farko: a zuba soda cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada a zuba ruwa a kanta, don zafin da take tayarwa kan sa ta fantsama. A dama a fili, da safar hannu ta roba da tabarau. Tukunyar dalma, wato ta alminiyom, kuwa ba ta aikin nan. Soda na cin ta, tana fitar da iskar haidrojin mai kama wuta. Roba mai kauri ta fi.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar yara, kuma a ganina nan ne babban haɗarin. Ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha. Yaro ya kurɓa, maƙoshi ya ƙone, daga baya ya tsuke har abinci ya kasa wucewa. Malam ya ce kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti. In a fata ko ido ta zuba, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20.

Wata ta tambaya, "Malam, kanwa fa?" Ya ce ita ma sodiyom ce, amma mai sauƙi, sai dai mai hawan jini da mai jego su rage kunun kanwa. Ruwan jabel, wato bilic, kuma kada a gauraya shi da asid na wankin masai, iskar kulorin mai guba yake fitarwa.