Zagayen Fadama: Baiti Ya Amsa Baiti

Ɗan Birni

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo gida hutun mako guda, a wani ƙauye kusa da Haɗeja. Jiya bayan asuba na fita tattaki, na bi ta gonakin tudu, na gangara fadama, na bi bakin kogi, na dawo ta burtali. Ga abin da ya fito. Amsa-amon "ma" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Rabbu zan fara,
Shi ya yi tudu ya yi gangara,
Ya ba kogi hanyar kwarara,
Ya shimfiɗa koren fadama.

Na bar masallaci da asuba,
Ban ɗau fartanya ko lauje ba,
Farin takalmi yana shan raɓa,
Na fita ta hanyar yamma.

Tudu an riga an yanke gero,
Dammuna jere, gefe ga yaro,
Yana roron wake yana zubawa a baro,
Dawa kanta ya yi girma.

Gawo da ya tuɓe da damina,
Yanzu yake sa riga a gona,
Inuwarsa ta raba ni da rana,
Na huta, na ƙara azama.

Rairayi ya ƙare sai laka,
Shinkafa ta yi jawur da kaka,
Iska na kaɗa ta, ni ina taka
Kunyar da ta raba ta da ƙorama.

Balbela na rakiyar shanu,
Zalɓe a ruwa yana taku sannu,
Masunci a kan gora, koma a hannu,
Giyayya ta yi masa lema.

Ciyawa doguwa ta rufe kogi,
Kore shar, tsuntsaye na shawagi,
Na ce kai, da ina da jirgi,
Da na wuni cikin wannan ni'ima.

Na bi gaɓa har zuwa mashaya,
Burtali ya ɗauke ni ya juya,
Na shigo ta gabas ban koma baya,
Waya ta ce taku dubu goma.

Mai Fangali

Wa alaikumus salam. La ilaha illallahu! Ashe ɗan gwaggona ne. To ga taka.

Taubashina, ashe kai ne
Muka hango jiya muna cewa wane ne?
Wasu sun ce malamin gona ne,
Wasu sun ce akuyarsa yake nema.

A nan in mutum ya yi sammako,
Da aiki gabansa ko kai saƙo,
Kai ka wuce mu babu taimako,
Hannu a aljihu kana kallon sama.

Jaki in ya zaga ya dawo,
Da mangala a bayansa ya kawo,
Kai ka zaga gari ka sha yawo,
Me ka shigo da shi? Dubu goma!

Shinkafar nan da kake yabawa,
Jan baki ne ke son cinyewa,
Tun da duhu yarana ke kuwwa,
Da gwangwani da majaujawa suna fama.

Giyayyar kuwa, ka dubi jikinta,
Ambaliya ta taɓa hawa ta,
Daidai ƙirjina ruwan ya kai mata,
Har yau da sauran alama.

Kunyar da ka bi, ni na ɗaga ta,
Ƙuguna ya san nauyin lakarta,
Takalminka ya zubar da gefenta,
Ka zo ka gyara ko mu yi rigima.

Ambaliyar 2022 nake nufi. Shekarar nan ko buhu ɗaya ban ɗauka daga fadama ba, a jirgi muka je duba gonar.

Gwaggon Kowa

Ɗaya na ce mini Gwaggo, ɗaya na ce mini Inna, duk na goya ku. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Ku saurara, 'ya'yan ƙannena,
Hanyar nan ta san sawuna,
Na bi ta da ƙwarya a kaina,
Da furar da za a ba masu noma.

In za ni, tudu nake bi da kaya,
In zan dawo, gaɓar ruwa ce hanya,
In tsinko bado, in yanko kaba ɗaya ɗaya,
Da dare a fara tabarma.

Ba wanda ya ce mini motsa jiki,
Sunansa a wurinmu aiki,
Amma na kan tsaya a bakin tafki,
Kirinjijiya na ta kuka a sama.

In tsaya har fura ta yi tsami,
In je gona in tarar da gunaguni da ƙumi,
To kallo ba ɗan birni ya fara shi ba, ku yi lami,
Mu ma mun yi, ba mu dai faɗa ba ne, kuma.

Sai dai abin da ɗana bai sani ba,
Don bai ga wurin a zamaninmu ba,
Mawankarmu ta da ba ka gan ta ba,
Ciyawar kacala ta cinye ta ta gama.

Ɗan Masunta

Gwaggo, a yi mini afuwa, baiti na huɗu ya ɗan yi tsalle, amma ba ni da bakin gyara ki. Wanda aka gani a kan gora ni ne. Karfasa huɗu ƙanana na samu tun asuba, ga shi an sa ni a waƙa kamar wani ado.

Gwaggo, kin taɓa mini ciwo,
Kacala ba ci ba kiwo,
Ba iska kaɗai ce ta kawo,
Ruwan da ya daina ja ya ba ta dama.

Da, kogi ya cika da damina,
Da rani ya janye ya bar wa rana,
Ƙasa ta tsage a samu gona,
Masunci ya ci ya bar wa mai noma.

Aka datse Tiga, sannan Challawa,
Rani da damina ruwa na zuwa,
Laka ba ta samun bushewa,
Kacala ta ce nan zan zama.

Ta hana jirgi, ta hana taru,
Cikinta jan baki suka taru,
Sauro da katantanwa suka ƙaru,
Tun daga nan har Kirikasamma.

Ruwa in ya zo ya tarar an toshe,
Sai ya fasa gaɓa ya bi gona ya kwashe,
Can ƙasa kuma wani rafin ya bushe,
Je ka tambayi mutanen Marma.

Ɗan birni, kai mai son jirgi,
Ga nawa can a kife bakin kogi,
Ka shiga ciyawar ka nemo mashigi,
In ka samu, na ba ka koma.

Ga waɗanda ba 'yan nan ba: Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Ban ce ba su da amfani ba, da su ake noman rani a Kadawa da Kura, da su Kano ke shan ruwa. Mu dai na ƙasa mun samu kacala a rabonmu. Gayya muke yi mu shiga da lauje da adda, ruwa har wuya, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe. Bayan 'yan watanni ta dawo kamar ba a taɓa ta ba.

Ɗan Burtali

Sannunku. Tunda an ambaci hanyarmu, bari in sa baki.

Burtalin nan da ya juyo da kai,
Da, garke na bin sa a sake sarai,
Yau ya tsuke ya zama naka kai kaɗai,
Gona ta ci hagu, gona ta ci dama.

Nagge ba ta san iyaka ba,
Ba ta je makarantar doka ba,
In ta lashi wake ba za a yafe ba,
Sai gaban mai gari, sai tara, sai rigima.

Da muna jira a kwashe amfani,
Mu shiga kara da harawa da rani,
Mu bar muku taki, ku ba mu masauki da sani,
Haka iyayenmu suka yi zama.

Yanzu ruwa na ja, burugu na tsirowa,
Kafin mu iso an dasa albasa da yawa,
Injin ban-ruwa na ta rurrumawa,
Mashaya ta koma gonar alkama.

Ɗan Nguru

Ina gaishe da Gwaggo. Bafulatani kuwa, tunda ni Babarbare ne, ba sai na gaishe shi ba.

Ɗan Fulani, bawana, daina kuka,
Kai ma zagaye ne sana'arka,
Kudu da rani, arewa da shuka,
Kai da ɗan birni kun yi kama.

Ku dubi baƙinmu na hunturu,
Da ke sauka a tafkin Nguru,
Daga Turai suke, nan suka taru,
Sun ƙetare Sahara ta sama.

Ba fasfo, ba jaka, ba guzuri,
Su yi watanni a wannan wuri,
Zafi na fara shiga gari,
Su buɗe fiffike su koma.

Shekara ta zagayo su dawo,
Wa ya tare su ya ce me kuka kawo?
In nasu ba a kira shi yawo,
Na taubashinka ma sai a ce hikima.

Saboda tsuntsayen nan ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har Dagona a 1989, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin dausayin da duniya ta amince a kiyaye. Shi ma kallo ya zo yi, ban ji an ce akuya yake nema ba.

Mai Fangali

Baƙin naka, Malam, ba kallo suke ba,
Ba su ƙetare hamada don hoto ba,
Ciki ya kawo su, ba likita ba,
Wasunsu a shinkafata suke walima.

Ɗan Birni

Wa ya gaya maka maganar likita? Inna, ke ce ko? To shi ke nan. Wallahi ban san kunyarka ba ce, ɗan kawu.

Shekara ashirin ina Kano,
Shinkafa sai dai in gan ta a kwano,
Jiya da na zame a laka na gano
Ƙafata ta manta fadama.

Kujera ta ba ni hawan jini,
Likita ya ce tafiya ce magani,
A birni hayaƙi da ham sun ishe ni,
Na zo gida inda nake da dama.

Na ga kacala na ce kyau ne,
Ashe ciwon masu jirgi ne,
Na ga siririn burtali na ce haka yake ne,
Ashe gutsurarsa ake yi ana gama.

Amma da na kai kukar mashaya,
Inda Baba ke ɗaure jakinsa a baya,
Na tsaya na kasa ko taku ɗaya,
Wannan ba ya cikin dubu goma.

Gobe da asuba in Allah ya so,
Ka ajiye mini garma, zan iso,
In ɗaga kunyarka yadda kake so,
In ƙarasa zagayena da yamma.

Gwaggon Kowa

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Jakin nan ya taɓa harbina.

Tunda ta mashaya za ka biyo,
Tarwaɗa biyu manya ka sayo,
Kaba ɗauri guda ka goyo,
Ɗakina yana son tabarma.

Ɗan Masunta

Tarwaɗa sai an yi sa'a, Gwaggo. In ba a samu ba ki karɓi karfasa.

Mai Fangali

Amin, Allah ya jiƙan Baba.

Garma na nan jingine da kuka,
Kada ka zo da farin takalminka,
Ka bar waya gida, za ta faɗa laka,
Ni zan yi ƙirga: kunya goma.