Neman kalma: me za mu kira "biomarker" a kumburin fankiriyas?

Assalamu alaikum malamai da likitocin wannan zaure. Ina rubuta takardar wayar da kan masu jinya a kan kumburin fankiriyas na farat ɗaya, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni. Bature yana cewa "biomarker". Abin da yake nufi shi ne wani sinadari da ake aunawa a jinin mara lafiya, likita ya duba ya gane ko ciwon zai wuce da sauƙi, ko kuwa a fara neman gado a sashen kulawa ta musamman.

Kafin a tambaya, fankiriyas ba saifa ba ce, duk da na ga masu fassara suna haɗa su. Ita tana kwance ne a bayan tumbi, tana samar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin. Mu bar ta da sunan aro a yau, in an samu mai tambayo mana mahauta sunanta a mayanka, mu dawo kanta.

Ga dalilin da ya sa kalmar ta dame ni. Cikin mutum goma da ciwon ya kama, wajen takwas suna miƙewa cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin rage raɗaɗi. Sauran kuwa ƙoda ko huhu na iya gazawa, ko jini ya faɗi warwas. Rabe-raben Atlanta, tsarin da likitoci ke bi wajen auna tsananinsa, wanda aka sabunta a 2012, ya kasa ciwon gida uku, kuma mai tsanani shi ne wanda gaɓa ta gaza har aka haura awa 48 ba ta farfaɗo ba. Amma a ranar farko duk kamanninsu ɗaya: ciwo a ƙahon zuciya mai ratsawa har baya, ga amai. Jini ake tambaya ya rarrabe su.

Wani dattijon malamin Hausa ya amsa: Ɗana, ina abin wahala a nan? Ka ce "alama". Alamar jini. Kowa zai gane, daga ɗan boko har tsohuwa a ƙauye.

Wani likitan tiyata ya ce: Allah ya gafarta Malam, ai "alama" ta riga ta yi miji a asibiti. Amai alama ce, zazzaɓi alama ce, idon da ya yi ɗorawa alama ce. Duk waɗannan ana ganinsu ko mara lafiya ya faɗe su da bakinsa. Wannan kuwa sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji, na'ura ta ba da lamba. In muka kira su da suna ɗaya, dangi za su ce mana ai ba su ga wata alama ba, ga shi nan yana zaune yana hira. Alhali a takarda yuriyarsa, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, hawa take yi tun jiya.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ta shigo: Likita ya yi gaskiya, amma ni ina ganin kalma biyu muke nema, ba ɗaya ba. Laifes da amiles, sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa, in suka ninka iyakar ƙa'ida sau uku, ga kuma irin wannan ciwon ciki, suna tabbatar mana cewa fankiriyas ce ta kumbura. Iyakar aikinsu ke nan. Yawansu ba ya faɗin yadda ciwon zai kasance. Sai ka ga mai laifes ta kai dubbai an sallame shi lafiya lau, wani kuma da tasa ba ta taka kara ta karya ba yana kwance da abin taimakon numfashi. Sau nawa dangi suke tare ni a bakin taga, sun ga babbar lamba, hankali ya tashi!

Ta ci gaba: Masu faɗin gaba daban suke. Akwai CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa in akwai kumburi a jiki, in ya haura miligiram 150 a lita bayan awa 48 da fara ciwo, to a sa ido. Aibinsa jinkiri, domin a ranar farko bai gama hawa ba. Wani sinadarin kumburi mai suna IL-6 yana riga shi tashi, shi ne ma yake tunzura hantar, sai dai ba gwajin yau da kullum ba ne. Akwai furokalsitonin, wanda ya fi amfani wajen zargin ƙwayoyin cuta sun shiga ɓangaren fankiriyas da ya mutu. Sai masu araha: yuriya da kiriyatinin, waɗanda ke cikin gwajin ƙoda, da kuma PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Wannan na ƙarshe a yi masa bayani da kyau a takardar taka. Mutanenmu sun saba jin PCV ya yi ƙasa a nemo jini, don haka in suka ji ya hau sai su yi hamdala. A wannan ciwon, PCV sama da 44 da ya ƙi sauka bayan kwana guda yana nuna ruwa ya tsere daga jijiyoyi, jini ya yi kauri.

Wani ɗalibi ya kawo "mahasashin jini". Ni mai tambayar ban karɓa ba. Hasashe a kunnen Bahaushe ya fi kusa da cinta, ga shi kalmar da nauyi a baki. Wani kuma ya ce "ma'auni". Wannan kalma ce mai kyau, amma wurinta daban. Wani likita mai suna Ranson ya fitar da lissafinsa na tsananin ciwon a 1974 da abubuwa 11, biyar ranar kwanciya, shida bayan awa 48. Wani lissafin mai suna BISAP na 2008 abubuwa biyar ne, ciki har da yuriya da shekaru sama da 60 da ruwa a gefen huhu. Waɗannan su suka cancanci a kira su ma'auni, tunda tara abubuwa suke yi su ba da maki.

Ni dai na karkata ga "manuni", daga nuna, jam'insa manunai. Ba baƙuwar kalma ba ce, ga 'yar'uwarta manuniya a hannun kowa. Manunin jini shi ne sunan gaba ɗaya. Laifes manunin cuta. CRP da yuriya da PCV manunan tsanani.

Malam ya dawo: To na sakar muku "alama", Hajiya ta ɗakin gwaji ta gamsar da ni. Amma gyara ɗaya. Tsanani hali ne da ake ciki yanzu. Ku kuwa kun ce abin da ke tafe kuke hange, mutum yana zaune yana hira. To "tsananta" za ku ce. Manunin tsananta.

Likita ya ce ya yarda, ni ma haka. Ga yadda zai shiga takardar: "Laifes manunin cuta ne, yawansa ba ya nufin ciwon ya fi muni. Za a sake ɗibar jini gobe da jibi don duba manunan tsananta, wato yuriya da PCV da CRP."