Rigimar masu kiwon macizai da ƙadangaru: abin da aka tattauna

Na bi muhawarar da masu kiwon suka yi kan yadda ake kula da dabbobin nan da yadda suke mu'amala da juna tun daga farko, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cin mutuncin sabon shiga ne babbar matsala. Yaro ya nuna hoton ƙadangarensa, ƙafafu sun lanƙwashe saboda ƙarancin kalsiyam da hasken UVB (wani ɓangare na hasken rana da ke taimaka wa jiki amfani da kalsiyam), yana neman taimako, sai a yi masa ca. Ya janye ya yi shiru, dabbar kuwa ta ci gaba da shan wahala. Wannan ya fi damuna. Shawara: a fara gaya masa gyaran.

2. An rabu biyu kan ajiye mesa mai dunƙulewa (ball python) cikin akwatunan roba a jere. Masu kiwon sayarwa sun ce ta fi cin abinci a matsattsen wuri, wasu kuma sun ce tana buƙatar fili, reshe da maɓoya. Ni ina tare da na biyun.

3. Nau'in mesar nan da ake kira spider, mai fama da karkarwar kai: mafi yawa sun ce a daina hayayyafa shi.

4. Mesar da ake fitarwa daga Ghana, Togo da Benin: a nemi takardar CITES (izinin fitarwa a ƙarƙashin yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji) kafin a zargi mai sayarwa.

5. Mai yawan zagi, a toshe shi kawai.